Itopa Mai Birki da Masu Dutsen Weji

Dukkanmu na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, bayan azahar, Allah ya karɓi ran abokina Itopa Adavize, makanikin birki a gindin tudun tasha a nan Okene. Bas ɗin Anate, ciyaman ɗin direbobin tashar, ita ce ta gangaro ba kowa a cikinta, ta afka rumfarsa yana wanke hannu zai ci abinci. Ni Enesi mai walda, da rumfata ke jingine da tasa, ni na janye kwanon rufi daga kansa.

Itopa, ba yabo kaɗai ya zaunar da ni rubutu ba. Tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba aka fara yawo da magana a tasha, wai kai ne ka gyara birkin motar nan, aikinka ne ya kashe ka. Har da masu murmushi a ɓoye, wai likitan birki ne birki ya ci. Matarka Oyiza tana cikin takaba maganar ta iske ta, 'yarka Ometere kuma a bakin masaƙa ta ji. Ba ka bar musu gidan sama ba, ba ka bar mota ba. Suna ka bari, shi ma ga shi ana son a kwashe.

Na tuna shekarar da hasken walda ya ƙone min ido. Kai ka riƙa zuwa gidana da apapa, alalen wakenmu, mai zafi a ganye, ka zauna kana yi min tsiya cewa dama ko da idon ba wata waldar kirki nake yi ba. Na tuna Mama Ohunene, mai kai saƙaƙƙun zannuwa Lokoja a tsohuwar motar mijinta. Ba ka tsaya a gyara ba, sai da ka hau da ita gangaren bayan masallaci ka koya mata gwaji: ta ja birkin hannu, ta sa motar a firi, ba giya, ta ɗaga ƙafa daga birki a hankali ta ji ko za ta motsa. Ka ce mata duk ranar da ta ji ko ɗan rarrafe ne, kada ta jira gobe.

Amma direbobinmu fa? A garin da sai an sha wuya ake samun shimfiɗaɗɗen wurin shanyar rogo, sun mai da birkin hannu kayan ado. Kowa da dutsensa na weji, na tokare taya, a ƙarƙashin kujera. Wani ya yi masa fenti, wani ya rubuta laƙabinsa a jiki, wani yana bugun ƙirji cewa ubangidansa ne ya ba shi ranar da ya yaye shi. Ƙartin maza da gemunsu, a taɓa musu dutse su cire riga, amma a ce su tsaya a kwance taya a duba, sai sauri ya taso musu. Na Anate kore ne da ratsin fari, kuma ya fi shan wanki a kan motar.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarka ya kawo bas ɗin da kansa, ina zaune ina gani. Sandar birkin ta kai in ya ja sai ta tashi har hammata. Ko injin bai kashe ba ya leƙo ta taga.

"Itopa, ɗan ɗaure min notin wayar nan, fasinja na jirana."

Ka ja sandar ka ji ta tafi fayau ba nauyi. Ka shiga ƙasa ka bi wayar da hannu, ba ta tsinke ba, tsatsa ba ta riƙe ta ba. Ka ɗaga bayan motar da jak, birkin yana jaye, ka juya tayoyin. Na dama ya ɗan yi gardama, na hagu kuwa ya yi ta juyi abinsa. Sai ka shafa bayan durom ɗinsa, kaskon ƙarfen nan da lainin birki ke kamawa daga ciki, ka nuna masa yatsanka baƙi ƙirin da mai.

"Ciyaman, waya ba ta da laifi. Mai ke zuba a durom, ya jiƙe lainin. In na ɗaure noti, sanda za ta yi tauri a hannunka ka ɗauka kana da birki, alhali babu. Gara ma yadda take yanzu, aƙalla kana tsoronta."

"Kai dai ka cika iyayi. Tun kana goye nake tuƙi a duwatsun nan, dutsena bai taɓa ba ni kunya ba."

"To ka kai wa dutsen ya ɗaure maka," ka ce, ka sauke jak ɗinka.

Ya ja mota yana zage-zage. Ranar Talata aka wayi gari da ruwa. Ya ajiye bas ɗin a bakin gangare, daidai saman rumfunanmu, a firi, injin na aiki, don in ya kashe batirin ba ya tayarwa. Ya cusa dutsensa mai fenti a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tafi shan shayi. Dutsen ya nutse, taya ya haye shi.

Da ka ga mutumin nan a wurin jana'iza, Itopa, da ka yi dariya. Farar babbar riga, kuka ya fi na 'yan'uwanka ƙarfi, ƙaddara ba ta bar bakinsa ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi kuwa sai ya sunkuya ya raɗa masa, wai Allah sarki, marigayin ne ma ya gyara ta ranar Alhamis. Na faɗi abin da na gani, aka ce ai dole aboki ya kare aboki. Waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashin ciyaman suka riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangaru, cikinsu har da waɗanda suke tsaye a wurin ranar Alhamis ɗin.

Oyiza ce ta tsayar da abin. Ranar addu'ar uku Anate ya zo da buhun shinkafa, ta aiko daga bayan labule cewa a mayar. Ta ce ba za ta karɓi gaisuwar kowa daga tasha ba sai an kwance tayan hagu a gaban liman. Muka gangara gaba ɗaya inda motar take. Notin wayar an ɗaure shi har ƙarshe, sawun sifana sabo fil a jikinsa. Durom ɗin kuwa tsatsa da laka sun haɗe shi da gatari, ƙarfen da taya ke juyawa a kai. Na zuba mai, na buga da guduma, ya ƙi, sai da na kawo wutar waldata kafin ya saki. Lainin na ciki ya siɗe, ya jiƙe sharkaf.

Ba wanda ya nemi bayani. Duk garejin nan an san ba ka taɓa ɗora sifana a notin waya ba sai ka buɗe durom ka gani da idonka. Don wannan halin direbobi suke kiranka mai nawar aiki, suke kai motocinsu wurin masu ɗaure-ka-tafi. Wannan durom kuwa ya yi shekaru bai ga rana ba. Liman ya tambayi Anate wa ya ɗaure notin. Mutumin da ake jin muryarsa daga tasha har kasuwa sai ya koma gyaran hula.

Muka koma gidan, ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana neman gafara ƙasa-ƙasa. Oyiza ta amsa daga ciki, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ciyaman, ran Baban Ometere na Allah ne, ba ni da ta cewa a kai. Amma sunansa, da shi zan fita in na gama takaba. Ka koma tasha inda ka ɓata shi, ka gyara da irin muryar da kake kiran fasinjan Lokoja. Sannan ka dawo mu yi maganar yafiya."

Har yau bai je ba. An ce wai yana fama da mura. To tun da muryar ciyaman ta dushe, ni na faɗa a madadinsa, kowa ya karanta ya kai wa wanda bai karanta ba.

Allah ya jiƙanka, Itopa, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Oyiza da Ometere, da ƙannenka na Obehira, da duk zuriyar Adavize. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a kan abin da ya bari. Ometere, ki fita kasuwa ki ɗaga kanki. An buɗe an duba a gaban mutane, ba hannun babanki ba ne.