Wa Zai Kwana a Ɗakin Ƙasa?

Jiya ƙamshin ruwan farko ya tuno mini da marigayi kawuna magini. Shekarar da zan ɗora bene a gidanmu na Azare, shi ya tona gindin bango kaɗan-kaɗan don ƙarfafa harsashin ginin. Ya damƙi ƙasar ramin ya murza, ta zube kamar gari.

Ya ce, "Kankaren nan ba rodi, ƙarfinsa faɗi ne da kauri. Wa zai kwana a ɗakin ƙasa?"

Na ce, "Inna ce, Kawu."

Sai ya ƙara faɗin tafin hannu biyu. Na yi ta ƙorafin siminti, ko kallona bai yi ba.

Har yau ƙanwarsa na ɗakin, bango ko tsaga babu. Allah Ya yalwata masa kabarinsa fiye da haka.