Gwangwanin Mai Ƙamshin Zuma

Dattijon yana tsaye a shagon taba, rigarsa ta yi masa yawa, ga filasta a bayan hannunsa inda aka cire allurar ƙarin ruwa. Yana buɗe gwangwanayen tabar lofe ɗaya bayan ɗaya, ya kai hanci, ya girgiza kai. Mai kirfa ba ta ce masa komai ba, mai kanumfari ma haka. Ni da ban san shi ba, na tsaya ina kallonsa.

Sai ga mai zuma. Ya ja numfashi, ya lumshe ido.

"A auna maka, Baba?" in ji mai shago.

"Likita ya hana ni, ɗana. Wata huɗu ba na jin ƙamshin komai, sai yau."

Har yanzu bai mayar da murfin ba.