Mai Fenti da Ɓarawon Zanensa

Shekara goma sha ɗaya rabon Mai Fenti da riƙe burushi, amma sunan ya ƙi barinsa. Ko Uwar Ɗaki, wadda ta kafa ɗan kamfanin zanen da yake wa aiki, sai ta duba takarda kafin ta tuna sunansa na gaskiya. A gaban idonsa dai Baba kowa ke ce masa.

Su huɗu ne a ofishin, ɗaki guda a saman wani shagon magani, da fanka mai ƙara da wata ƙatuwar tagar gilashi mai kallon titi. Uwar Ɗaki tana ɗan lungunta da aka kewaye da katako. Ga Dogo, mai fama da kwastomomi da na'urar buga takarda, wanda in ka nuna masa shuɗi da kore sai ya rantse maka duk ɗaya ne. Sai Sabuwa, mai zane kamar Mai Fenti, wadda aka laƙaba wa sunan ranar da ta fara aiki, ga shi ta shekara biyu ba ta tsufa ba. Aikinsu zana wa mutane tambari da kwalin kaya da allon talla.

A wurin kawunsa ya koyi sana'a, tun ana hawa tsani da gwangwanin fenti a rubuta sunan shago da hannu. Kawun nan ba ya yabo. In ka gama rubutu sai ya ce, "Sauko, tsallaka titi, ka je can ka karanta min." In harafi ya shige jikin ɗan'uwansa daga nesa, to a goge a sake. Da na'ura ta kashe kasuwar masu burushi, Mai Fenti ya koyi kwamfuta da yatsa biyu yana da shekara arba'in da 'yan kai, matarsa na yi masa dariya. Amma tsallaka titin nan bai bari ba. Duk zanen da ya yi, sai ya buga shi a takarda, ya liƙa a gilashin taga da salatif, fuskar zanen na kallon waje. Ya sauka matakala, ya tsallaka, ya tsaya jikin turken lantarki ya ƙanƙance ido. Kuma ba ya cirewa sai washegari, don a cewarsa zane sai ya kwana, ka gan shi da safe kana saukowa daga mota, sannan ka san ko ya yi. Ya daɗe yana haka har mutanen ofis sun daina ganin takardar, kamar yadda ba a ganin agogon bango.

Yana da surutu in aka taɓo zancen aiki. Zai ce maka tambari ba na mai zaune ba ne, na mai wucewa ne a mota yana tunanin cefane. Zai ce harafi ma yana son wurin numfashi. Dogo ya yi hamma, Sabuwa kuwa ta rubuta a littafinta. Wannan ya sa yake ji da ita, har 'yata yake ce mata.

To, bara sai wani kamfanin zane ya buɗe a benen da ke ƙetaren titi. Samari ne masu ƙananan riguna, tagoginsu da duhun gilashi, ba ka ganin ciki. Mai Fenti ko a jikinsa, sai da abin ya faru.

Ya yi wa wani gidan burodi tambari: burodi da tururi na tashi, tururin ya zama hannu yana ɗaga wa mutane. Kwana huɗu ya yi a kan yatsun hannun nan. Saura kwana biyu a nuna wa mai shi, sai ga motar wani gidan burodin daban ta wuce ta ƙasan taga, an zana mata a jiki burodi, da tururi, da hannu. Ya ce a ransa wataƙila dace ne. Bayan wata guda ya zana wa wata makarantar yara fensir mai fikafikai. Shugabar makarantar ta kalli takardar, ta kalle shi, ta ce, "Ikon Allah. Ai irinsa sak na can ƙetare suka nuna min jiya." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da la'asar Uwar Ɗaki ta kira shi lungunta, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, kada ka ji haushi. Ko dai ka taɓa ganin zanen nan a wani wuri, ya zauna maka a kai ba ka sani ba? Yana faruwa."

Wayyo. Da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Shi, da ya yi shekara talatin yana zane, shi ake zargi da kwafa daga yaran da aka haifa yana kan tsani? Ya gane abin da ke ƙarƙashin maganar: tsoho ya ƙare, kansa ya bushe, ya fara leƙen na wasu.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ni ba na kwafa. Akwai mai fitar da aikina daga ɗakin nan. Zan kawo miki shi."

Daga ranar ofis ya daina daɗi. Ya sayo kwaɗo ya sa wa aljihun teburinsa. Ya juya kwamfutarsa ta kalli bango, har sai ya matse kafin ya zauna. Takardar da ya lalata ba ya jefawa a kwandon shara, sai ya cusa a aljihu ya kai gida, matarsa na wanki tana tsintar ƙwallayen takarda tana mita. Ya zargi mai shara, ya bi ta har bakin titi ya ga inda take zubarwa. Ya zargi na'urar buga takarda, ya tambayi Dogo ko tana riƙe abu a cikinta. Dogon kansa ya sa wa ido kwana uku, sannan ya cire shi, don mutumin da bai san shuɗi ba ina zai san zanen da ya isa sata.

Saura Sabuwa.

Ransa bai so ba, wallahi bai so ba. Amma zargi in ya samu wurin zama, komai abincinsa ne. Littafin da take rubuta maganganunsa, me kuma take rubutawa a ciki? Wayarta kullum a hannu. Rannan da rana ya hango ta ta taga tana gaisawa da ɗaya daga cikin samarin ƙetare, har da dariya. Da ta dawo ya tambaye ta, wai shi a wasa, ta ce ajinsu ɗaya a makaranta. Ya ce, "Uhm."

Sai kuma ga ta wata safiya ta tsaya a kansa, tana kallon taga.

"Baba, takardar nan da kake liƙawa, ni fa ina ganin..."

"Me ya haɗa ki da takardata?" ya katse ta. "Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a. Kama harkarki."

Ta koma teburinta. Bayan kwana biyu ta sake gwadawa, ko ɗaga kai bai yi ba. A ransa ya ce, ka ji, so take ta sauya min zance.

Sai ya haɗa mata tarko. Kowa a layin ya san mai shagon tabarau na neman sabon allo. Mai Fenti ya zauna ya zana mage sanye da tabarau, ba don an ba su aikin ba, don gwaji kawai. Ya jira Dogo ya fita, ya kira Sabuwa ya nuna mata, ya ce sirri ne. Ta yi dariya ta ce magen ta yi kama da malamin lissafinsu.

Ga inda abin yake. Zanen ƙarya ne, amma gashin bakin magen ya tsaya masa a rai, yana ganin na hagu ya fi na dama tsawo. Mutum irinsa ba ya iya barin ko zanen tarko a karkace. Hannunsa ya yanko salatif, ya liƙa, ya tsallaka, ya ƙanƙance ido, ya dawo, ya bar ta ta kwana. A wurinsa wannan ba nuna wa kowa ba ne, kamar wanke hannu ne kafin cin abinci.

Kwana goma, sai ga mage da tabarau a saman shagon tabarau.

Ya shiga wurin Uwar Ɗaki da takardar a hannu. Aka kira Sabuwa. Ya ce mutum ɗaya ya nuna wa zanen nan a duk duniya, ga ta nan. Uwar Ɗaki ta ce, "Me za ki ce?"

Sabuwa ta kalli Mai Fenti, kallo mai tsawo. Ta buɗe baki, ta kalli furfurarsa, ta rufe. Sannan ta ce, "Ban ba kowa komai ba. Amma in haka ake gani, gara in tafi." Ta kwashe fensiranta da kofin shayinta, ta yi wa Dogo sallama, har da shi Baban ta ce a tashi lafiya. Ya cire kwaɗon aljihun tebur a ranar. Ya yi nasara, amma abinci ya ƙi shiga, matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne.

Sati biyu bayan haka aka kawo musu aikin wani kamfanin ruwa. Ya zana, ya liƙa, ya sauka ya tsallaka. Sai ya tarar wata babbar mota ta tsaya tana sauke kaya, ta kare masa tagar. Ya matsa hagu, ya matsa dama, ba hali. Don haushi ya hau matakalar benen ƙetare, wadda bai taɓa takawa ba, don ya hango ta saman motar. Ya kai inda matakalar ta yi kwana, ya juya.

Ga takardarsa can, tar, kamar a tafin hannunsa. Har ɗigon da ya sa a ƙarshen suna yana gani. A gefensa akwai kujerar roba guda da aka juya tana fuskantar titi, da kofi a ƙasa.

Ƙofa ta buɗe, wani saurayi ya fito da waya a hannu. Da ya ga wanda ke tsaye sai ya ɗan daburce, sannan ya washe baki ya rusuna.

"A'a, Baba da kansa! Sannu da zuwa. Yau me aka liƙa mana?" Ya yi dariya. "Wallahi mu ɗalibanka ne. Magen nan, har yau ana yaba ta."

Mai Fenti bai san yadda ya sauko ba. Ya tsallaka titi mai babur na zaginsa, ya hau nasu benen, ya ɓare takardar daga gilashi. Dogo ya ce, "Baba, lafiya?" Mai Fenti ya wuce shi. Ya zauna a kujerar Sabuwa, ya lalubo lambarta.

Ta ɗauka a bugu na uku. "Baba, ina wuni?"

Gaisuwar nan ta fi komai yi masa ciwo. Ya ce, "'Yata..."

"Ka cire takardar daga taga?"

"Kin sani?"

"Na zata dai. Sau biyu na zo gaya maka."

"To ranar fa? A gaban Uwar Ɗaki, me ya hana ki faɗa?"

"Ta bayan katako na ji yadda ka yi ranar da ta ce ko kwafa kake. In na ce kai ne ke raba musu aikinmu ta taga, da wane ido za ka sake shiga ofishin? Ni zan samu wani wurin, Baba. Kai kuwa nan kaɗai gare ka."

"Kin samu?"

"Tukuna. Wuri biyu na je, duk sun kira Uwar Ɗaki sun tambayi dalilin barina."

Ya ce zai gyara, za ta dawo. Ta ce a'a, ba ta jin za ta iya zama a ɗakin nan kuma, amma in zai gyara mata suna ta gode.

Ya ajiye wayar. Takardar na hannunsa, salatif huɗu na manne masa a yatsu. Daga kujerar zuwa lungun Uwar Ɗaki taku shida ne, ya fi shekara goma yana yinsu ba tare da tunani ba. Yau sai da ya dafa tebur kafin ya miƙe. Ya ƙwanƙwasa katakon.

"Waye?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Na ce zan kawo miki mai fitar da aikin. Ga ni."