Ranar da piyanon jikana ya yi gaba da kwamfuta

Shekarun baya kaɗan, lokacin ban daɗe da fara haɗa baƙi a ajin manya ba, aka yi sunan ɗan farin jikana a gidanmu nan Daura. Jikan nan nawa sana'arsa haɗa kiɗa. Yana da ɗaki a zaure da sola a kai, da kwamfuta, da wani ɗan piyano. Piyanon nan bebe ne, in ba a haɗa shi da kwamfuta da igiya ba, ko ka hau shi da ƙafa ba zai ce uffan ba. Ni dai tun farko na ce masa an cuce shi, wa ke sayen ganga marar murya? Ya ce in bari, ba zan gane ba. To ban gane ɗin ba.

Cikin 'yan suna har da yayata daga garin Babban Mutum, can wajen Baure. Ta tsufa tukuf, sai an kama ta take hawa mota. Ita kaɗai ta rage da ta riƙe waƙar daɓen mahaifiyarmu daga farko har ƙarshe. Ku yaran yanzu da kuka tashi a kan siminti, daɓe shi ne mata su taru da madaɓai suna bugun ƙasan sabon ɗaki har ya yi santsi, ana yi ana waƙa. Ni amshi kawai na iya, shi ma rabi ya zube. Na daɗe ina damun jikana ya ɗaukar mini muryarta. Ga ta kuwa Allah ya kawo, amma motarsu da la'asar za ta juya.

Yayata ta ce ita ba ta waƙa a bushe, sai da bugu. Na ce a kifa ƙwarya. Ta ce ita da furfurarta ba za ta tara wa kanta jama'a ba, gida cike da baƙi. Jikana ya ce ai da sauƙi, zai buga mata sautin madaɓi da piyano, ya sa mata abin ji a kunne, ba mai ji sai ita. Muka shiga muka tura ƙofa.

Ya danna, shiru. 'Yar fitilar piyano ta kama, alamar wuta na shiga, amma kwamfuta ta ce ba ta san da zamansa ba. Ya zare igiya ya sake sokawa. Ya canza mata kafa. Ya kashe kwamfuta ya kunna, muka zauna muna kallonta tana miƙa kamar wadda aka tasa daga barci. Ya hura bakin igiyar, ya goge da gefen babbar rigarsa ta suna. Rubutu ya fito da Turanci, na matso da tabarau wai zan taimaka, ni da ko Hausar sai na bi da yatsa. Yayata ta ce in dai wannan ne ci gaban, gara madaɓi, shi ba ya fushi da kowa.

Sai ya kira abokinsa a Katsina. Na ji abokin yana cewa igiyoyin nan kama ce kawai suke yi, wata wuta kaɗai take kaiwa, wata kuma ta kai wuta ta kai saƙo, ya duba ko tasa ce a jiki. Jikana ya juya igiyar a hannu, ya ce to, ya kashe waya. Maimakon ya tashi, sai ya koma yana kashe kwamfuta yana kunnawa, gumi na bin wuyansa. Ga azahar ta wuce, direba ya fara leƙowa.

Ni na yi masa wankan jariri, na san fuskarsa in yana ɓoye abu. Na ce, "Kai mijina, me ka sani da ba ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce wannan ba igiyarsa ba ce, tasa akwai jan salatif a wuyanta. Tun safe mata ke aiko da wayoyi caji saboda sola, an mayar da wata waya da igiyarsa aka bar masa wannan. Na ce to wayar wa? Da ƙyar ya ce da ya je gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ya hango jan salatif kusa da ƙafar surukuwarsa.

Ashe ya gwammace muryar yayata ta koma Babban Mutum da ya buɗe baki ya ce wa uwar matarsa ta ba shi kayansa. Ko aike ya kasa, wai kada a ce ya ce ta ɗauka. Na ce kunyar taka ce, ni ba ni da surukuwa a gidan nan, duk na girme su. Na fizge igiyar banzan na fita, yana kama mini zani.

Na same ta cikin mata ana rabon goro, wayarta na shan caji a jikin ɗan batirinta. Na ce, "Hajiya, kin ba mu 'ya mun gode, amma igiyar mijina ba ta cikin sadaki. Ga taki, ba ni tamu."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi har da hawaye, ta ce dama ta yi mamakin yadda wayarta ta cika da wuri yau. Ta tambaye ni me za a yi da ita da gaggawa haka. Da na ce waƙar daɓe, sai ta ajiye goron ta yafa mayafi, ta ce ita ma uwarta 'yar wajen Baure ce, ba za a yi ba ita ba.

Ku zo ku ga jikana da ya ga wadda na shigo da ita. Ya rasa ko ya durƙusa ko ya zauna, ƙarshe ya yi rabi da rabi. Ya soka igiya, kwamfuta ta yi ɗan ƙara, ya taɓa piyano, sai ga bugu, dum, dum. Aka cire abin kunne don kowa ya ji. Yayata ta ce ya yi sauri da yawa, daɓe ba tsere ba ne. Ya rage. Ta rufe ido ta ɗauko, ni da Hajiya muna amsawa, inda na manta ita ta cike. Shi kuwa haka ya yi kiɗan nan kaf kansa a ƙasa, bai ko kalli fuskar kwamfutar ba. Muna gamawa direba na danna ham.

Yayata ba ta ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙanta. Muryarta na nan cikin wayar da nake muku wannan rubutu, kuma yaron da aka raɗa wa suna ranar ya iya amshin yanzu fiye da ni. Kunya ado ce, ban ce ba, amma kowane gida ya ajiye tsohuwa ɗaya da tata ta ƙare, don ranar buƙata. Jikana kuwa har yau in na kunna waƙar, yana jin an zo wurin muryar surukuwarsa, sai ya gyara zama ya sunkuyar da kai.