Bana Lubuto, Mai Ɗaura wa Jita Wuya a Kamuchanga

Kafin rana ta yi zafi, Bana Lubuto ta riga ta buɗe rumfarta da ke bayan kasuwar Kamuchanga, a nan Mufulira. Ba ta amsa gaisuwar kowa sai ta gama da katakonta. Takan bi wuyoyin jitar da ta rataye a bango, ta sauko da kowanne, ta kara gindinsa a kuncinta, ta rufe ido ɗaya ta leƙa tsawonsa, tana neman wanda ya karkace tun jiya. A wurinta katako maƙaryaci ne: zai miƙe sak a gaban mai saye, damina na sauka ya lanƙwashe. Sai ta gama wannan take zuba shayi, ta ɗago ta yi wa wanda ya zo irin kallon da ta yi wa katakon.

Sunanta na yanka Rozaliya Nkonde, amma kowa da sunan 'yarta Lubuto yake kiran ta: Bana Lubuto, wato uwar Lubuto. Naɗin koyil na injinan ruwa ta koya tun tana budurwa. Da wuyan jitar mijinta ya karye, babu inda za a samu wani, sai ta cire ƙyauren ɗakin girkinsu na icen mukwa ta sassaƙa masa sabo. Mijin ya rasu tuntuni, ita kuwa ba ta ajiye zarto ba. Shekara talatin da wani abu ke nan tana ƙera jitar lantarki da bes, wato babbar jita mai kaurin murya, tun daga katako har kunnen da ke ɗaukar sauti, wanda take naɗawa da siririyar wayar tagulla a kan maganaɗisu. Jiki daban take yi, wuya daban, ta fafe gurbi a jikin, ta zaunar da wuyan, ta ɗaure da noti huɗu ta baya. Na taɓa tambayar ta me ya sa ba ta manne su da gam. Ta ce, "Abin da aka manne sai an fasa shi ake gyara shi. Ni ban yarda da komai ba har da zan manne shi har abada."

Kamuchanga ma ba ta taɓa yarda da ita ba. An ce wayarta ta kamfanin haƙar tagulla ce, ta bayan katanga ake miƙo mata. An ce katakonta na akwatin gawa ne, shi ya sa bes ɗinta ke kuka har cikin ƙirji. Mafi muni, an ce ɓarayi na kawo mata jitocin sata, ta kwance wuyan wannan ta ɗaura wa wancan, ta shafa fenti, mai kaya ya zo ya wuce kayansa bai gane ba. Ba ta taɓa tanka wa ko ɗaya ba. Alhali duk wanda ya taɓa kai mata gyara ya san irin tuhumar da ake sha: ta wa ce, a ina ka saya, wa ya sayar maka, to zauna ka kaɗa mini waƙa ɗaya. In yatsunka suka yi baƙunta a kan jitar da ka ce taka ce, sai ta nuna maka hanya.

Ni Chomba nake, bes nake kaɗawa a ƙungiyar kiɗan kalindula ta Ba Silavwe (a wurinmu "Ba" kalmar girmamawa ce da ake sa wa a gaban suna), kuma a gabana aka yi yawancin abin da zan faɗa.

Ƙungiyarmu tana da wani jan bes da Bana Lubuto ta ƙera. Kafin ni, Ba Kaluba ne ya riƙe shi shekara da shekaru, kuma ba a yi makaɗin bes kamarsa a garin nan ba. Kachasu, giyar nan mai zafi da ake dafawa a gida, ita ce ta cinye shi. Da ya faɗo daga dandamali a wani biki, a gaban surukan amarya, Ba Silavwe ya sallame shi ya ɗauke ni. Ranar da na fara riƙe bes ɗin na ji babban yatsan Ba Kaluba ya ci bayan wuyan har ya yi kwari, ga kuma tabon ƙuna a can sama inda yake soke tabarsa. Shi kuwa an ga shigarsa motar Chingola, aka ce ya koma wurin yayarsa da zama.

Ana gab da shiga watan bukukuwa, wata Lahadi muna coci, bes ɗin ya ɓace daga ɗakin ajiya da ke bayan gidan Ba Silavwe. Ba a fasa kwaɗo ba. Wannan shi ya lalata komai, domin kowa ya fara duban na kusa da shi. Mai ganga ya daina zama kusa da ni. Ni ma na lura ya sayi sababbin takalma. Matar Ba Silavwe ta tambaye ni, cikin murmushi, a wane benci na zauna a coci, don ita ba ta gan ni ba. Har akwai masu cewa Ba Silavwe ne da kansa ya sayar. Aikina na rawa, sunana na rawa, ga bikin 'yar wani ɗan kwangila ranar Asabar mai zuwa, ba mu da abin kaɗawa.

Sai wata mai sayar da kifin kapenta ta leƙa rumfar Bana Lubuto ta ga wuya mai tabon taba rataye a bango. Kafin azahar kasuwa ta ɗauka. Da muka isa ni da Ba Silavwe, mutane sun cika ƙofar rumfar. Duk wanda ke wurin yana tune da abin da ya faru bara, da aka ce wani ya saci talabijin, aka yi masa dukan da bai tashi ba, a wannan kasuwar. Fuskokin da na gani ranar su ne na gani a gaban rumfarta.

Tana zaune tana goga samfefa a kan wani katako. Ko yunƙurin ɓoye wuyan ba ta yi ba.

Ba Silavwe ya ce, "Bamayo, uwarmu, wancan wuyan namu ne."

Ta ce, "Naku ne. Ni na sassaƙa shi, ai ba sai an gaya mini ba."

"Wa ya kawo shi?"

"Wanda ya kawo shi zai dawo."

"Ina jikin?"

"Shi nake jira, Ba Silavwe."

Wani daga baya ya ce ai dama an sani, tsohuwar dillaliyar ɓarayi ce. Dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Wata ta shuri gwangwanin fenti ya malale har ƙafar Bana Lubuto, ita kuwa ta janye zanenta kawai ta ci gaba da gugarta. Ba Silavwe ya nemi ta ba shi wuyan, ta hana. Ta ce in wuyan ya bar bangon nan, jikin ba zai sake ganin rana ba. Ya tsaya yana duban ta, ni ina duban shi. Tare suka yi kiɗa da mijinta, wannan kaɗai nake jin ya riƙe shi. Ya juya ya gaya wa jama'a kayansa ne, shi zai bi sawu, kowa ya kama gabansa. Ita kuma ya ce mata ya ba ta zuwa Juma'a, daga nan sai 'yan sanda.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Masu gyara suka zo suka kwashe jitocinsu. Mai kawo mata nshima, wato tuwon masara, da rana ta daina biyowa ta wurin. Lubuto ta bugo waya daga Ndola tana kuka, tana roƙon ta ta faɗi sunan mutumin ta huta. Ta ce mata suna ba ya komawa baki in ya fita, kuma ba ta shirya zuwa jana'iza ba. Na wuce ta wurin sau da yawa a makon, kullum tana duƙe tana sassaƙa, ban san me ba.

Sauran labarin daga bakin Ba Kaluba na ji shi, kuma shi ya ce in rubuta da sunansa. Ashe bai taɓa mayar da makullin ɗakin ajiya na biyu ba. Ya dawo daga Chingola a ɓoye, ya ɗauke bes ɗin, ya kwance notinsa, ya cusa jikin a buhun garin masara. Da sassafe ya biyo ta bayan rumfa da wuyan, ya ce ta yi masa sabon jiki, baƙi, wanda ba wanda zai gane. Ya ce mata hannunsa ne ya ci wannan katako, ba zai iya kallon wani yana riƙe da shi ba. Ta karɓa, ta leƙa tsawonsa, ta rataye. Sai ta ce ba za ta iya fafe gurbi ba sai ya kawo tsohon jikin ta auna. Ya san ƙarya take yi, ita da ta ƙera shi. Ita ma ta san ya sani. Ya koma Chingola yana jiran ya ji an ambaci sunansa. Labarin jifa ya iske shi, labarin fenti ya iske shi, sunansa bai zo ba. Ya ce da ta tona shi da ya ƙone jikin ya gudu Kongo. Shirun nata ne ya hana shi barci.

Ranar Juma'a da rana tsaka Ba Kaluba ya ratsa kasuwa da buhu a kansa, kamar mai kai niƙa. Bana Lubuto ta aika a kira mu, ta ja ƙofa ta rufe. Da Ba Silavwe ya ga wanda ke zaune a ƙasa, sai da na riƙe masa hannu. Bana Lubuto ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta jawo jan jikin daga buhu, ta busa garin da ya shiga gurbin, ta ɗauko wani sabon wuya daga ƙarƙashin tebur. Ashe shi take sassaƙawa duk makon. Ta ce ta daɗe tana ganin yadda nake miƙa yatsu da ƙyar a kan na Ba Kaluba, wannan ta rage masa kauri. Ta ɗaure shi, ta ja tsirkiya, ta miƙo mini. Sannan ta ce tsohon wuyan tana so a bar mata, za ta yi masa jiki don Ba Kaluba ya riƙa kaɗawa.

Ba Silavwe ya ce, "Wato ɓarawo ya yi sata a ba shi tukuici?"

Ta ce, "Wuyan naka ne, in ka ce a'a ɗauki abinka. Amma ba wanda zai ji daɗinsa sai mai wannan yatsan. Kuma ba ba shi zan yi ba. Ka ga na yi kama da wadda ta yarda da shi? Jiki ya tafi da shi gida. Wuya a nan zai riƙa kwana."

Daga ƙarshe Ba Silavwe ya ce ta yi yadda ta ga dama, amma Kaluba ba zai sake hawa dandamalinsa ba. Haka kuwa aka yi, bai sake ba.

Da muka fito da jan bes, kasuwa ta yanke hukuncinta: tsohuwa ta ji tsoron 'yan sanda ta fito da kayan sata. Haka ta zauna da wannan suna shekaru, ba ta wanke kanta ba, har ranar da Ba Kaluba ya miƙe a coci ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ko a nan akwai waɗanda suka ce bakinsu ɗaya tun farko. Har gobe akwai su.

Tsarin da ta kafa kuwa bai canja ba. In Ba Kaluba ya samu kiɗa, sai ya zo da jikin bes a hammata, ta ce, "Matso, hura mini." In ta ji warin kachasu, sai ta koma kan aikinta kamar ba kowa a wurin, ya yi ta magiya har ya gaji. An yi haka ba sau ɗaya ba, ya zage ta, ya yi rantsuwar ba zai sake zuwa ba, ya dawo. In bakinsa fes ne, sai ta ɗaure masa wuya, washegari ya dawo da shi ta kwance. Yanzu shi ke kaɗa wa mawaƙan cocinmu, kuma an daɗe rabon da a gan shi a gidan kachasu.

Bana Lubuto, ke ce wadda ba ta yarda da kowa ba, amma ba ki taɓa miƙa kowa ga masu duwatsu ba. Ke ce kika ga ɓarawo da idonki, kika kira shi ɓarawo, sannan kika tsaya tsakaninsa da kasuwa. Mu da muka zargi juna a wancan makon, zarginmu bai dawo da ko tsirkiya ɗaya ba. Naki ya dawo da bes, ya wanke ni, ya bar mutum da ransa. Uwar wuyoyi, rabin bukukuwan da aka yi a Kamuchanga da katakonki aka yi rawarsu.

Yanzu yanar ido ta rufe mata idon da take saiti da shi, kuma ƙarshen daminar nan za ta kulle rumfa ta koma Ndola wurin Lubuto. Makon jiya ta kira Ba Kaluba, ina wurin. Ta sa ya hura mata, ta ɗaure wuyan, ta miƙa masa bes ɗin har da sukurudireba, ta ce ya tafi da abinsa, ta gama gadi. Ya riƙe shi jim, sai ya zauna a ƙasa ya kwance notin da kansa, ya ajiye wuyan a kan cinyarta.

Ya ce, "Bamayo, ki tafi da shi Ndola. Zan riƙa zuwa a mota. Ni ban gama yarda da kaina ba."

Ta rufe ido ɗaya ta dube shi. Ta ce, "Na gane ka. Nshimar 'yata kake so ka riƙa ci a banza." Amma ta naɗe wuyan a cikin zanenta.

Mun gode, bamayo. Allah ya ba idon nan sauƙi, ya sa Ndola ta karɓe ki da hannu biyu. Ku kuma masu sana'a, da mu da ke tsayawa a ƙofar rumfunanku, ga abin koyi: a bincika, a yi tambaya, kada a karɓi kayan da ba a san asalinsu ba. Amma in zargi ya tabbata a kan mutum, a tuna akwai wata tsohuwa a Kamuchanga da aka jefi rufinta, aka tsangwame ta mako guda, sunan mai laifin na bakinta, ta ƙi furta shi.