Bot Ɗin Da Ya Tambayi Yawan Shanu

Hammadu ɗan Manu ba shi da hannun kiwo, kuma kowa a rugarsu ta bayan Dawaki ya san haka tun yana ƙarami. In ya yi kira, shanu ba sa ko ɗago kai. In aka ba shi maruƙa ya tsare, sai a same su cikin dawar mutane, shi kuwa yana gindin kuka yana kwance tsohuwar rediyo. Ubansa ya gaji da zuwa ba da haƙuri a gonaki, sai ya tura shi boko a Rano, ba don yana ganin darajar bokon ba, sai don a huta da shi.

Ya gama sakandare da ƙyar, ya buɗe ɗan shago kusa da tashar Rano. Yana cajin waya da hasken rana, yana canza gilashin da ya fashe, yana sa wa mutane wa'azi da waƙa a memori. Yawancin masu zuwa wurinsa Fulani ne 'yan uwansa, daga Dawaki da Kahu da Fassi, don shi ne zai yi musu bayani da Fillanci ba tare da ya yi musu dariya ba. Ya auri Maimuna, mai kai nono kasuwa, mace mai ƙarancin magana da yawan lura. Suna zaune lafiya, ba arziki ba tsiya.

Makiyayan yankin suna da zaure a WhatsApp, inda aka ce za a riƙa sanar da dabbar da ta ɓata. Amma zauren ya zama dandalin gaisuwa. Mutum zai saka murya yana cigiyar bijiminsa, kafin azahar ta nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da hotunan ɗaurin aure da tallar maganin basir. Wannan ne ya dami Hammadu. Ya ji an ce a Telegram mutum na iya ƙera abin da ake kira bot, wato ɗan aike na cikin waya wanda ba mutum ba ne, yana zaune a zaure yana karɓar saƙo yana ba da amsa yadda aka tsara masa. Ya ce in haka ne, shi zai ƙera wanda zai riƙe cigiya kaɗai.

Ya sayi tsohuwar kwamfuta a Kano, wadda batirinta ya mutu, sai an jona ta take numfashi. Ya shiga kallon bidiyon koyon Python, harshen da ake rubuta wa na'ura umarni da shi. Turancinsa na sakandare ne, masu bidiyon kuma suna magana kamar ana korarsu, don haka sai ya tsayar, ya mayar baya, ya kwafa harafi bayan harafi. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, gurbi ɗaya in ya yi yawa a farkon layi, sai komai ya tsaya cak, allo ya cika da jan rubutu. Damina guda ya kwashe a haka. Ranar da ya rubuta wa bot ɗin sallama ya amsa masa, ya nuna wa Maimuna, ta duba ta ce ai kai ne ka gaya masa abin da zai ce. Ya ce haka ne. Ta ce to kai da kanka kake gaisawa ke nan, ta ɗauki ƙwaryarta.

Da abin ya fi ƙarfinsa, sai ya shiga wani zauren masu koyo, inda matasa daga ko'ina suke tura kuskurensu ana gyara musu. A nan ya haɗu da wani mai suna Adnan, wanda hoton da ke kan sunansa na mota ne. Adnan yana da haƙuri, yana jin Hausa, kuma ba ya raina tambaya. Wata rana bot ɗin ya ƙi motsi sam, Adnan ya ce masa ya turo makullin ya gwada a wurinsa. Makullin wasu dogayen haruffa ne da lambobi da ake ba mai bot, duk wanda ya riƙe su yana iya sarrafa shi, yana iya ganin abin da aka rubuta masa. Hammadu ya san an ce kada a ba kowa. Amma mutumin ya daɗe yana taimakonsa bai nemi komai ba, sai ya tura. Kafin la'asar bot ya tashi.

Shi ma tsarin tambayoyin da bot ɗin zai riƙa yi wa duk wanda ya shigo, daga Adnan ya samo shi. Asalinsa na mai shago ne da ke karɓar odar kaya, yana tambayar suna, da yawan kayan da ake so, da inda za a kai. Hammadu ya mayar da shi Hausa, inda aka ce kaya nawa ya sa shanu nawa, inda aka ce adireshi ya sa maɓallin da mutum zai danna waya ta nuna daidai inda garkensa yake kwana. A ganinsa hakan zai sauƙaƙa nema.

Maimuna ce ta fara gwadawa a wayarta. Da ta zo kan tambaya ta biyu sai ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Kai, shanun Baba nawa ne?"

Ya ce bai sani ba.

"Ka taɓa tambayarsa?"

Ya ce wannan ai daban, na'ura ce ke tambaya, ba shi ba. Ta ce na'urar ba ta da uba a rugar nan, shi ke da uba. Bai saurare ta ba. Ya sha wahala kafin tambayar ta yi aiki, kuma mutum ba ya son goge abin da ya sha wahala a kansa.

Bafillace ba ya faɗin yawan shanunsa. Ya san kowace da launinta da uwarta da kakarta, in ɗaya ba ta dawo ba zai gane tun kafin garken ya gama shiga, amma adadi ba ya fita bakinsa, kuma mai tarbiyya ba ya tambaya. A tarihin mutanen nan, masu wannan tambayar iri biyu ne, mai karɓar jangali da mai shirin sata. Hammadu ya tashi cikin wannan, ya san shi, amma zaman shago ya sa ya ɗauka abu ne na tsofaffi.

Tun wajen ce wa mutane su koma Telegram aka fara kallonsa. Aka ce me ya sami wancan zauren, wa ya aiko shi, wa ke biyansa. Duk da haka matasa suka shiga, suka jawo wasu dattawan. Da bot ɗin ya gaishe su ya nemi yawan shanu, wasu suka fice a take. Wasu suka rubuta ƙarya, wani ya ce akuya ɗaya gare shi ita ma gurguwa. Mutum ɗaya ne aka san ya amsa tsakani da Allah, Saminu na Kahu, saurayi mai son a san ya waye, wanda ya gaji garke mai kyau daga ubansa. Ya rubuta adadin, ya danna maɓallin, har ya zo shago yana yi wa sauran ba'a cewa tsoron waya suke ji.

Bayan girbin dawa aka wayi gari an kore garken Saminu kaf, sai maruƙa biyu da aka bari a ɗaure. An bi sawu har ya ɓace a kan duwatsu. A shekarar an yi sata a wasu rugagen ma, waɗanda ba su taɓa jin sunan bot ba, amma ba wanda ya tsaya yin wannan lissafin.

Ba wanda ya zo ya ce wa Hammadu ɓarawo. Wayoyi ne suka daina zuwa caji. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa a taƙaice a sauya zance zuwa tsadar taki. Matan da ke tafiya kasuwa tare da Maimuna suka fara sammako su bar ta. Kalmar da ake faɗa a bayansa ita ce infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto, kuma a wannan zamani wanda kalmar ta manne wa ba shi kaɗai take ci ba, har gidansu. Ƙannensa mata suna gab da aure, ubansa kuma yana da gona da maƙwabta a Dawaki.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, shi ma zargin yake yi. Ya zauna a shagon da ba kowa yana karanta tsohuwar hirarsu da Adnan daga farko. Mutumin ya taɓa tambayarsa wace rana kasuwar shanu ke ci a wajensu. Ya taɓa tambaya ko akwai sabis a daji. A lokacin hira ce, yanzu kuwa kowace tambaya ta yi masa wani iri. Sai ya tuna jan rubutun da ke fitowa jefi-jefi, mai cewa wani yana tafiyar da wannan bot ɗin a wani wuri, wanda ya riƙa ɗora wa rashin sabis. Yana iya yiwuwa Adnan ya manta ne bai kashe gwajinsa ba. Yana iya yiwuwa kuma bai manta ba. Ya tura masa saƙo, ba amsa. Ya tambaya a zauren masu koyo, wani ya ce ai ɗalibi ne yana jarrabawa, wani ya ce shi bai taɓa sanin a wane gari yake ba. Hammadu ya soke makullin ya karɓi sabo, abin da bai ɗauke shi komai ba, kuma ya kamata ya yi tun ranar.

Ardo Dalhatu, shugaban rugagen wajen, ya kira zama bayan la'asar a ƙofar gidansa. Saminu ya zo da 'yan uwansa, suna so a miƙa Hammadu ga 'yan sintiri su tambaye shi da irin tambayarsu. Ardo ya sa Hammadu ya yi bayanin abin da ya ƙera, ya yi, rabin mutanen ba su gane ba, sauran ba su yarda ba. Sai Ardo ya ce shi tambaya ɗaya gare shi, ban da kai, wa ke iya ganin abin da Saminu ya rubuta.

Hammadu ya san in ya ce babu, ba mai iya ƙaryata shi a wurin. Ya kuma san in ya ce babu, to shi kaɗai ya rage a zarga. Ya ce akwai mutum ɗaya, sunansa Adnan.

"Ɗan waye?" in ji Ardo.

"Ban sani ba, Baffa."

"Mutumin ina ne?"

"Ban sani ba."

"Ka taɓa ganin fuskarsa?"

"A'a."

Wani dattijo daga Fassi ya ce shi ko igiyar jakinsa ba ya ba wanda bai san ubansa ba. Aka yi 'yar dariya maras daɗi. Saminu ya ce labari ne aka shirya, wa ya ga Adnan ɗin.

Manu, uban Hammadu, yana wurin tun farkon zaman. Hammadu ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya kira, balle ya tsaya masa a gaban jama'a. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo. Ya ce wancan da ke zaune, shi ya haife shi, ya san shi, wawa ne tun yana yaro, kuma sata tana bukatar wayon da ba shi da shi. Ya ce shi ba zai biya Saminu komai ba, don biya na wanda ya ɗauka ne.

Ardo ya yanke cewa ba za a kai kowa wurin 'yan sintiri ba sai da shaida. Ya ce a tayar wa Saminu da garke ta hanyar haɓɓanaye, yadda aka saba, wato kowane gida ya ba shi aron karsana, ta haihu a wurinsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Kowa ya san abin da ke cikin wannan hukunci. Ba a ƙulla haɓɓanaye da gidan da ake ganin shi ya cuce ka, don zumunci ne da ke kaiwa ga jikoki. In Saminu ya karɓi ta gidan Manu, maganar infoma ta mutu a bakin dattawa. In ya ƙi karɓarta, gidan Manu sai su fara neman inda za su koma.

Hammadu yana da 'yan shanunsa cikin garken uban, jikokin wadda aka ba shi ranar suna. Manu ya nuna wata farar karsana a ciki, ya ce wancan ya kai da kansa. Hammadu ya ja ta a ƙasa har Kahu, tana turjewa yana roƙonta, mutane suna tsayawa a gonaki suna kallo. Saminu ya bar shi tsaye a rana ya daɗe kafin ya fito. Ya zagaya karsanar, ya buɗe bakinta, ya duba kunnuwanta ya ga tsagar gidan Manu ce, ba ta wani garke ba. Ya tambayi uwarta, Hammadu ya faɗa. Ya tambayi kakarta, Hammadu bai sani ba, sai Saminu da kansa ya faɗe ta, don ya san ta.

"Don Baffa Manu na karɓa," in ji shi. "Kai kuwa ina nan ina kallonka."

Ya karɓi igiyar, ya kai ta ya ɗaure tare da sauran da aka kawo masa. Bai ce wa Hammadu ya zauna ba, amma ya sa an kawo masa ruwa, Hammadu ya tsuguna ya sha, ya kama hanyar Dawaki.