Notin da ya cije

Jama'a, yau na sha tsatsa, har da neman ƙari!

Injin ban ruwana ya daɗe a ajiye. Wani noti ya yi tsatsa ya cije a jikin ƙusarsa. Na sa kananzir, na sa baƙin mai, ko motsi. Ga tumatir ya fara yaushi, ga shi yau ake sako mana ruwa.

Danladi, maƙwabcina a gona, ya ce in jiƙa shi a ruwan tsamiya. Jiya da yamma na ga tsamiya jiƙe a kwano, na jefa shi ciki, ban gaya wa kowa ba.

Da safe na fita share hanyar ruwa. Aka aiko da kunu daga gida, ni da Danladi muka shanye tas.

Sai ga kiran matata: "Malam, kada ku sha kunun nan! Na zo wanke kwanon tsamiya na ga ƙarfe a ciki!"

Na ce, "Notin ya kwance?"

Ta ce, "Da hannu ma yana juyawa. Au, abin da ya dame ka ke nan?"

Danladi ya lashe baki ya ce, "Ce mata gobe zan aiko da fartanyata."